Wasan Cike Gurbi Mai Ɓoyayyar Ma'ana: Yadda Ake Kwance Mai Wuya da Taimakon Abokan Wasa da Waya

A watan Afrilu na 2021, wata manhaja mai suna Dr.Fill ta fi kowane ɗan Adam maki a babbar gasar cike gurbin kalmomi ta Amurka. Matt Ginsberg ne ya ƙirƙire ta, kuma a waccan shekarar ya haɗa ƙarfi da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A cikin shekarar dai, wasu masu binciken suka horar da wata ƙirƙirarriyar basira da tambayoyi kusan 470,000 na irin wasan da ake bugawa a jaridun Birtaniya. Da aka gwada ta, ko kashi 10 cikin 100 ba ta ci ba. Manhajoji sun ƙara wayo tun daga lokacin, amma har yanzu wannan nau'in wasa yana ba su wahalar da na Amurka ba ya ba su.

Dalili shi ne wasannin biyu sun yi kama a ido, amma aikin da suke sa ƙwaƙwalwa ya bambanta. Na Amurka yana tambayar abin da mutum ya sani. Na Birtaniya, wanda Turawa ke kira cryptic crossword, yana yi wa mutum ƙarya da gangan a fuskar jimla, ya ɓoye gaskiyar a cikin haruffanta. Shi ya sa da wuya a sami wanda ya koye shi shi kaɗai. Kusan kowane gwani yana da wanda ya zauna kusa da shi ya nuna masa inda tarkon yake. Wannan darasi zai bi ta kan yadda wasan ke aiki, inda masu koyo ke maƙalewa, yadda ake neman taimako ba tare da an lalata daɗin wasan ba, da kuma aikin da ya dace a bar wa waya ko kwamfuta.

Asalin wasan

Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool, Arthur Wynne, shi ya buga wasan cike gurbi na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Da wasan ya tsallaka zuwa Ingila a shekarun 1920, sai marubutan can suka ga tambayoyin kai tsaye sun yi sauƙi, suka fara murɗa su. Edward Powys Mathers, wanda ke sa hannu da sunan Torquemada, ya riƙa tsara wa jaridar Observer masu tsananin wuya daga 1926 har rasuwarsa a 1939. Magajinsa Derrick Macnutt, mai laƙabin Ximenes, shi ya shimfiɗa ƙa'idojin adalci tsakanin mai tsarawa da mai warwarewa, ya tattara su a littafi a 1966. Jaridar Times ta fara nata wasan a 1930.

Masu sha'awar tarihin kwamfuta sun san wani ɓangare na labarin. A 1942 jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar kammala wasanta cikin minti 12, kuma bayan gasar hukumomin soja suka tuntuɓi wasu daga cikin mahalarta, aka ɗauke su aiki a Bletchley Park, wurin da ake fasa saƙonnin sirri na Jamus.

Zanen wasan na yau da kullum gidan dara ne mai gurbi 15 a kwance da 15 a tsaye, wasu farare wasu baƙaƙe, da tambayoyi kusan talatin. A na Amurka kowane harafi yana cikin kalmomi biyu, ta kwance da ta tsaye, don haka wanda ya cike na kwance duka ya sami na tsaye kyauta. A na Birtaniya kusan rabin haruffan ne kawai ke haɗuwa da wata kalma. Sauran rabin sai an ci su da gumi.

Kowace ishara kashi biyu ce

Tambayar da ake bayarwa, wadda za a kira ishara a nan, tana da ɓangare biyu a manne da juna. Ɗaya ma'anar amsar ce kamar yadda ƙamus zai faɗe ta, kuma kusan kullum tana farkon jimla ko ƙarshenta, ba a tsakiya ba. Ɗayan umarni ne na yadda za a gina amsar da haruffa. Lambar da ke cikin baka a ƙarshe ita ce yawan haruffan amsar. Hoton da jimlar ke zana wa mai karatu a zuci kuwa, ado ne da aka yi don a ɗauke masa hankali.

Ana iya ganin wannan da Hausa kafin a shiga Turanci, domin wanda ya taɓa yin zaurance ko kacici-kacici ba baƙo ba ne a wajen juya kalma:

Rake ya dagule, sai ga mai gadin gida (4)

Mai karatu zai hango rake da wani maigadi. Amma "ya dagule" umarni ne cewa a yamutsa haruffan RAKE, "mai gadin gida" kuma ita ce ma'ana. Amsa KARE. Ga wata:

Abu ya juya baya, ya ga mahaifi (3)

Ba wani yaro mai suna Abu ake nufi ba. Haruffan ABU ne za a karanto daga baya, su ba da UBA. Wata kuma ɓoye amsar take yi a tsakanin kalmomi: "Zan ba ka nono, a ciki akwai birni (4)". Idan aka manne "ba ka nono" aka duba tsakiya, KANO na nan zaune. Akwai kuma wadda ba ta da ginin haruffa, sai ma'ana biyu a jere: "Wahala a ƙasan kai (4)". Amsar WUYA ce, ta wahala da ta jiki, tun da rubutun boko ba ya nuna karin sautin da ke raba su a baki.

Abin da ya sa wasan ke da daɗi shi ne amsar tana tabbatar da kanta. Idan ma'ana ta ce KARE, haruffa ma suka ce KARE, babu buƙatar a tambayi kowa ko an yi daidai.

Dabarun da aka fi amfani da su a Turanci

Yamutsa haruffa ita ce dabarar da ta fi sauƙin ganewa, don haka da ita ake fara farauta a sabon wasa. Kalmomi irin su upset, broken, drunk, wild, new, ko duk wata mai nuna rikici ko sauyi, alama ce. "Silent, upset? Pay attention (6)" tana nufin a yamutsa SILENT mai haruffa shida a sami LISTEN, wato saurara.

Ta ɓoyewa tana zuwa da kalmomi kamar in, some, part of. A "Computer accessory seen in memo used (5)", MOUSE na kwance a tsakiyar "memo used". Masu koyo sukan ci irin wannan da wuri, gwanaye kuma sukan tsallake ta har zuwa ƙarshe saboda suna neman abin da ya fi haka zurfi.

Sai jera gutsattsari kamar taragon jirgin ƙasa. "Circuit best for portable computer (6)": zagayen fili shi ne LAP, mafi kyau shi ne TOP, an sami LAPTOP. Wani lokaci wurin yanka kalmar ne abin mamaki. "Father's weapon, a secret needed to log in (8)" tana ba da PASSWORD, amma ba a yanka ta inda kowa ke yankawa ba: PA'S, wato na baba, sai SWORD, wato takobi.

Akwai cusa wani abu cikin wani, kamar "Pet holding hot conversation (4)", inda CAT ta riƙe H a cikinta ta zama CHAT. Harafin H na wakiltar hot ne saboda shi ake rubutawa a kan famfon ruwan zafi. Akwai guntulewa: "Sharpen mobile, losing head (4)", PHONE ta rasa harafinta na farko ta zama HONE, wato wasa wuƙa. Akwai kama da sauti, inda we hear ko reportedly ke nuna a saurari kalmar maimakon a dubi rubutunta: "Nip, we hear, is eight bits (4)" tana kai mutum daga bite zuwa BYTE. Akwai kuma haruffan farko: "Connector for leaders of Uganda, Senegal, Benin (3)" ba ta da alaƙa da shugabannin ƙasashe, USB ce kawai.

Ana iya haddace waɗannan cikin mako guda. Ba a nan wahalar take ba.

Inda ake maƙalewa

Wasan ya shekara kusan ɗari ana yin sa a cikin al'ada ɗaya, kuma ya tara gajerun kalmomi da ba a koyar da su a ajin Turanci. Sailor yakan zama AB ko TAR. King yakan zama K, ko R daga kalmar Latin ta sarki. Love sifili ce a wasan tanis, don haka tana nufin harafin O, haka ma duck, wadda sifili ce a wasan kurket. Learner L ce, irin wadda ake liƙa wa motar mai koyon tuƙi. Worker sau da yawa ANT ce, tururuwa. "The French" na iya zama LE ko LA, abin da ɗalibin Maraɗi ko Zinder zai gane kafin na Kano. Lambobin Romawa ma suna nan: five V, fifty L, hundred C.

Sannan akwai murɗa ma'anar kalma. Flower fure ce ga kowa, amma ga mai tsara wasa tana iya zama abin da ke gudana, daga flow, wato kogi. "Flower of Niamey (5)" ba furen da ke tsiro a Yamai ba ne, NIGER ce, kogin da ya ratsa birnin. "Capital of Nigeria" kuwa na iya zama ABUJA, ko NAIRA tun da capital na nufin jari, ko kuma harafin N kaɗai, babban baƙin da sunan ya fara da shi.

Babu mai gano waɗannan da tunani zalla. Sai an gaya wa mutum, ko ya ga an yi a gabansa. A nan ne abokan wasa ke da amfani fiye da kowane littafi, domin ilimin da wasa ɗaya ke buƙata ya fi abin da kai ɗaya ke ɗauke da shi. Wani ya san kurket, wani ya san sunayen sinadarai, wani ya yi Faransanci, wani kuma idonsa ne ke da saurin ƙirga haruffa.

Tsofaffin hannu suna kuma sanin halin masu tsarawa, waɗanda yawancinsu da laƙabi suke sa hannu. Jonathan Crowther, mai laƙabin Azed, wanda ya gaji Ximenes a 1972, mai tsananin bin ƙa'ida ne, amma yana ɗauko kalmomin da sai an buɗe ƙamus na Chambers. John Graham, limamin coci da ya shahara da sunan Araucaria a jaridar Guardian har rasuwarsa a 2013, ya fi sakin jiki, yakan karya ƙa'ida idan abin zai ba da dariya. Wanda ya san wa ya ɗana tarkon ya san irin tarkon da zai nema.

Misali: ishara biyu da suka ƙi ci

A ɗauka mutum uku suna aiki a kan wasa ɗaya, kowa da wayarsa, kuma saura musu gurbi biyu. Ta farko:

Programs for waste recycling (8)

Na farkonsu ya karanta ta a matsayin shirye-shiryen sake sarrafa shara, ya shiga neman kalma mai haruffa takwas a fannin tsaftar muhalli. Wannan shi ne faɗawa tarkon fuskar jimla. Na biyu ya lura cewa recycling tana kama da alamar yamutsawa, amma waste haruffa biyar ce, ana kuma neman takwas, sai ya watsar da tunanin. Na uku bai kawo sabuwar dabara ba, ƙirga kawai ya yi: for uku, waste biyar, takwas ke nan. Kalmar for da kowa ya ɗauka mahaɗi ce marar aiki, ashe tana cikin kayan ginin. FOR WASTE idan aka yamutsa ta ba da SOFTWARE, ma'anarta kuma programs, wato manhajoji. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya ci ta shi kaɗai. Tunanin na biyu daidai ne, rabinsa ne ya ɓace.

Ta biyu ta fi wuya:

Screen doctor, fool and soldiers (7)

Kalmomin da suka gitta sun ba da M, gurbi, N, gurbi, T, gurbi, R. A nan mutum zai iya ɗaukar waya. Shafin OneLook yana karɓar alamar tambaya a madadin harafin da ba a sani ba, sai a rubuta m?n?t?r. Mai kwamfutar Linux da ke da jerin kalmomi yana iya yin haka ba tare da intanet ba:

grep -i '^m.n.t.r$' /usr/share/dict/words

Na'ura za ta kawo a ƙalla uku da suka dace da gurbin: MONSTER, MINSTER da MONITOR. Iyakar abin da za ta iya ke nan, ba ta san wacce ake nufi ba. Mutum ne zai ga cewa screen, wadda jimlar ta sa ta yi kama da aikatau na tantance mutane, suna ce a nan, allon kwamfuta. To MONITOR ce. Amma rukunin da ya san abin da yake yi ba ya rubuta amsa ya wuce, sai ya gano dalilinta. Wanda ya san gajerun kalmomin soja zai ce MO likitan soja ne, OR kuma ƙananan sojoji da ba hafsoshi ba. Abin da ya rage a tsakiya NIT ne, kalmar da Turawan Ingila ke kiran wawa da ita. MO, NIT, OR. Yanzu duk ukun sun ƙaru da gajerun kalmomi uku da za su sake gamuwa da su sau da yawa.

Wannan matakin na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba mai ci gaba da mai tsayawa wuri ɗaya. Amsar da aka zata ba tare da an warware gininta ba tana iya zama kuskure, kuma kuskure ɗaya yana saka haruffan ƙarya a cikin kalmomi uku ko huɗu da suka gitta ta. Da yawan wasannin da ake cewa sun gagara, amsa ɗaya ce marar kyau da aka rubuta tun da farko ta toshe kusurwa guda. Idan wuri ya ƙi motsi gaba ɗaya, abu na farko da abokin wasa ya kamata ya duba shi ne amsoshin da aka riga aka rubuta a wurin, ba waɗanda suka rage ba.

Ladabin neman taimako

Taimako hawa-hawa ne, kuma mai tambaya ne ya kamata ya faɗi hawan da yake so. Mafi sauƙi shi ne a gaya masa ko ma'anar tana farkon jimla ko ƙarshe. Na gaba, a faɗi nau'in dabarar, ko yamutsawa ce ko ɓoyewa. Sai a nuna kalmar da ke ba da umarni, sai harafin farko, sannan a ƙarshe amsar tare da bayaninta. Yawancin lokaci hawan farko ya isa, domin da zarar an san inda jimla ta rabu biyu, rabin aikin ya ƙare. Wanda aka tambaye shi satar amsa ya jefo amsar gaba ɗaya, ya nuna gwanintarsa ne kawai, bai taimaki kowa ba.

Mai tambaya ma yana da nasa aikin. Ya rubuto isharar daidai harafi da harafi, har da waƙafi da lambar ƙarshe, domin kalma ɗaya da aka sauya tana rusa lissafin. Ya faɗi haruffan da ya riga ya samu, ya kuma faɗi abin da ya gwada. Misalin SOFTWARE ya nuna dalili: tunanin da mutum ya watsar yana iya zama wanda wani zai ƙarasa.

A rukunin hira mai mutane da yawa, matsalar ita ce wanda bai kai wurin ba tukuna zai ga amsar a allon wayarsa ba da son ransa ba. Telegram yana da hanyar lulluɓe rubutu har sai an taɓa shi, Discord ma haka idan aka sa rubutun tsakanin tsayayyun layuka biyu a kowane gefe. Inda babu irin wannan, akwai tsohuwar dabarar masu kwamfuta da ake kira ROT13, wadda ake amfani da ita tun shekarun 1980: kowane harafi a matsar da shi gaba da wuri 13 a jerin haruffan Turanci 26. MOUSE ta zama ZBHFR. Idan aka sake yin haka a kan ZBHFR, sai ta koma MOUSE. Ba tsaro ba ne, kada a ɓoye sirri da shi, labule ne kawai da ke hana ido karantawa ba shiri.

Akwai kuma wasannin da jaridu ke sa wa kyauta, galibi na ƙarshen mako, masu ranar rufe karɓar amsa. Al'adar masu wasan ita ce ba a watsa amsoshin waɗannan a fili kafin ranar ta wuce. Wanda ya yi haka yakan rasa mutuncinsa a wurin abokan wasa da sauri.

Don aiki a kan zane ɗaya daga wurare daban-daban, Google Sheets ya isa. A rage faɗin ginshiƙai 15 su zama murabba'i, a cika gurabun da ba a rubutu da baƙin launi, a sa isharorin a gefe tare da wurin rubuta bayani. Yana da kyau a ware launi ɗaya ga amsar da aka tabbatar, wani ga wadda zato ce. Rukunonin da ke shiga gasar wasa ƙwaƙwalwa ta MIT Mystery Hunt, wadda ake yi a Amurka tun 1981, da irin waɗannan takardun lissafi na haɗin gwiwa suke aiki, wasunsu da mutane fiye da ɗari.

Abin da za a bar wa na'ura

Yamutsa haruffa aikin kwamfuta ne tsantsa. Haruffa takwas mabambanta suna da jeri 40,320, amma manhaja ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Tana jera haruffan kowace kalmar ƙamus bisa tsarin abacada ta ajiye, ta yadda SILENT da LISTEN duka suka zama EILNST, sai ta nemo masu wannan tambarin. Shi ya sa amsar ke fitowa nan take ko a ƙaramar waya. Ga mai koyo, shawara ita ce ya fara gwadawa da hannu: ya rubuta haruffan a da'ira a kan takarda, ya ware wasulan gefe, ya ba kansa minti biyar kafin ya buɗe manhaja. Kuma manhajar da aikinta juya haruffa ne ba ta da hujjar neman izinin shiga lambobin waya ko hotuna. Idan ta nema, a cire ta.

Shafin Guardian yana ba da wasanninsa a intanet da maɓallin duba amsa da na bayyana ta. Na dubawa ya fi amfani, domin yana goge haruffan da ba daidai ba ne kawai, ya bar wa mutum sauran aikin. Jaridar tana da Quiptic da Quick Cryptic don masu farawa, Times ma tana da nata Quick Cryptic mai ƙaramin zane. Wanda ya fara da wasan Listener, wanda Times ke bugawa ranar Asabar kuma ake lissafa shi cikin mafiya wuya a duniya, zai bar wasan a ranar farko. A YouTube, tashar Cracking the Cryptic ta Simon Anthony da Mark Goodliffe, wanda ya ci gasar Times fiye da sau goma, tana nuna gwani yana tunani da ƙarfi yayin da yake warwarewa. Yawancin bidiyoyinsu yanzu na Sudoku ne, kuma suna da tsawo, don haka mai lissafin data ya rage ingancin hoton ko ya sauke a inda akwai Wi-Fi.

Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira su ne ke buƙatar taka-tsantsan. Sukan ci isharori masu sauƙi, amma suna sarrafa rubutu ne a gutsattsarin kalmomi, ba harafi-harafi ba, shi ya sa ƙirga da juya haruffa ke ba su matsala. Abin da ya fi haɗari shi ne idan sun ba da amsar kuskure, sukan haɗa ta da bayani mai santsi da ke kama da gaskiya. Gwajin mai sauƙi ne: a ƙirga haruffan amsar, a duba ko kowace kalma ta isharar ta yi aiki, a kuma tabbatar cewa haruffan da aka ce an yamutsa su ne suka fito, babu ƙari babu ragi. Idan bayanin ya bar kalma ɗaya ba aiki, ko ya ƙirƙiro gajeriyar kalmar da babu ita a ƙamus, a ajiye shi a matsayin zato.

Gwada shi da Hausa

Rukunin da ya saba da dabarun zai iya tsara nasa da Hausa, sai dai akwai abubuwan da za a yanke tun farko. Shin K da Ƙ harafi ɗaya ne a gurbi ko biyu? Gara a raba su, domin kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Shin SH da TS gurbi ɗaya za su ci ko biyu? Biyu ya fi sauƙi wajen gitta kalmomi. Hausa tana da wata wahala ta daban: yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa, kaɗan ne ke farawa da shi, don haka karantowa daga baya irin ta ABU da UBA ba ta da yawa. Ma'ana biyu kuwa ta wadata, ga gari na zama da na tuwo, ga kai na jiki da na wakilin suna.

Ga uku don gwaji, biyu da Turanci ɗaya da Hausa:

Horse you need when the battery's low (7)

Trainee meets alien in global network (8)

Bijimi ya shiga mara, ya fito da hatsi (6)

Ta farko ma'ana biyu ce, ta biyu jera gutsattsari ce kuma tana buƙatar sanin wani fim na 1982, ta uku cusawa ce. Amsoshin a ROT13, bi da bi: PUNETRE, VAGREARG, ZNFNEN.